Amobi Okoye

Amobi Okoye (an haife shi ranar 10 ga watan Yuni, shekarar 1987) tsohon ƙwararren ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka ne, haifaffen jihar Anambra da ke kudu maso gabashin Najeriya. Ya yi wasa a tsakiyar sahun gaba na masu tsaron gida, da farko a Jami'ar Louisville daga 2003 zuwa 2006, daga baya kuma a babbar gasar ƙwararru ta Amurka, wato NFL. Ƙungiyar Houston Texans ce ta ɗauke shi a matsayi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2007, lokacin yana da shekara 19, abin da ya sa ya zama ɗan wasa mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ɗauka a zagayen farko na zaɓen.

Okoye ya yi kakar wasa huɗu a Houston da kuma biyu a Chicago Bears. An ba shi kyautar gwarzon sabon mai tsaron gida na wata a watansa na farko a gasar, amma bai sake kai matakin da ya fara da shi ba, kuma Houston ta sallame shi yana da shekara 24. A shekarar 2013 ya kamu da wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa da ba kasafai ake samunta ba, wadda ta kwantar da shi watanni a asibiti. Ya warke, amma bai sake buga wasan gasa a NFL ba.

Gurbin da yake bugawa

Ƙwallon ƙafar Amurka ta bambanta da ƙwallon ƙafar da aka sani a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka. Ƙwallon doguwa ce mai siffar ƙwai, kuma galibi da hannu ake ɗaukarta ko a jefa ta. Kowace ƙungiya tana sa mutum 11 a fili. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. Idan ta yi haka sai a sabunta mata dama huɗu, idan ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Filin yana da tsawon yadi 100, ban da yankin cin maki mai yadi 10 a kowane ƙarshe.

A farkon kowane kai hari, sahu biyu na manyan 'yan wasa suna durƙusawa suna fuskantar juna. Sahun masu kai hari mutum biyar ne, aikinsu kare mai jefa ƙwallo, wanda ake kira kwatabak, da buɗe hanya ga mai gudu da ƙwallo. Sahun masu tsaron gida kuwa mutum uku ne ko huɗu, aikinsu toshe wannan hanya da kutsawa su kai ga kwatabak. Idan mai tsaron gida ya kayar da kwatabak a bayan layin farawa kafin ya jefa ƙwallo, ana kiran wannan sak. Idan mutum biyu suka haɗu suka kayar da shi, kowannensu yana samun rabi. NFL ta fara ƙidaya sak a hukumance a shekarar 1982, kuma shi ne ma'aunin da aka fi duba wa 'yan sahun gaba.

Tsarin tsaro iri biyu ne suka fi yawa. A tsarin 4-3, mutum huɗu ne a sahun gaba, biyu a gefe biyu a tsakiya, da mutum uku a bayansu. A tsarin 3-4, mutum uku ne a gaba da huɗu a baya, kuma ana bukatar na gaban su kasance masu tsawo da nauyi sosai domin kowannensu ya riƙe abokan hamayya biyu. Okoye, mai tsawon mita 1.88 da nauyin kilo kusan 137 a lokacin da ya shiga gasar, ɗan tsakiya ne na tsarin 4-3, irin wanda ya dogara da saurin tashi da kutsawa ta tsakanin mutum biyu fiye da tsayawa ya riƙe wuri. Wannan bambanci ya yi tasiri a kan yadda zamansa a Houston ya ƙare.

Rayuwar farko

An haifi Okoye a jihar Anambra, kuma ɗan ƙabilar Ibo ne. An sa shi makaranta a Najeriya tun yana ɗan shekara biyu da rabi. Yana da shekara 12 ya koma Amurka tare da iyalinsu, suka zauna a birnin Huntsville na jihar Alabama. Da farko an sa shi a ƙaramar sakandare tare da sa'o'insa, amma bayan mako biyu kacal aka yi masa jarrabawa aka ga karatunsa ya wuce wannan mataki, sai aka kai shi aji na 9, wato ajin farko na babbar sakandare, wanda yara ke shiga suna da shekara 14. Daga nan ya riƙa tafiya shekara biyu gaba da sa'o'insa a duk matakan da suka biyo baya.

Ya yi karatu a makarantar sakandare ta Lee da ke Huntsville. Ya fara buga ƙwallon ƙafar Amurka a shekararsa ta biyu a makarantar, yana da shekara 13, ba tare da ya san dokokin wasan ba. Ɗaya daga cikin masu horar da su ne ya ba shi shawarar ya riƙa buga wasan bidiyo na Madden NFL domin ya fahimci yadda ake jera 'yan wasa da abin da kowa ke yi. Kafin ya kammala makarantar ya riga ya yi suna a jihar, yana buga wasa a sahun masu kai hari da na masu tsaron gida duka, har aka saka shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan sakandare na Alabama.

Ya kammala sakandare a shekarar 2003 yana da shekara 15. Jami'ar Harvard na cikin makarantun da suka nemi ya zo, amma ya zaɓi Jami'ar Louisville, wadda ƙungiyarta ke buga wasa a matakin ƙoli na gasar jami'o'in Amurka.

Sunan mahaifinsa ɗaya da na Christian Okoye, haifaffen Enugu, wanda ya yi wa Kansas City Chiefs wasa daga 1987 zuwa 1992 kuma ya fi kowa yawan yadin gudu da ƙwallo a kakar 1989. Ba su da dangantaka ta jini.

Jami'ar Louisville

Louisville shi ne birni mafi girma a jihar Kentucky, kuma shi ne mahaifar ɗan damben nan Muhammad Ali. Ana kiran ƙungiyar jami'ar Cardinals. Okoye ya isa can a 2003, shekarar da Bobby Petrino ya karɓi aikin babban koci. Yana da shekara 16, shi ne mafi ƙarancin shekaru a duk 'yan wasan babbar gasar jami'o'i, yana karawa da mutanen da wasunsu sun haura shekara 22. A Amurka an saba a ajiye sabon ɗan wasa shekara guda ba tare da ya buga wasa ba domin jikinsa ya ƙara ƙwari, amma ba a yi wa Okoye haka ba. Ya buga duk wasanni 13 na kakarsa ta farko, inda ƙungiyar ta ci 9 ta sha kashi a 4.

A 2004 Louisville ta ci wasa 11 ta faɗi ɗaya kacal, ta lashe rukuninta na Conference USA, sannan ta doke Boise State da ci 44 da 40 a wasan ƙarshen kaka na Liberty Bowl. A 2005 jami'ar ta koma rukunin Big East, wanda ya fi na baya ƙarfi. A wannan shekara tauraron sahun gaban ƙungiyar shi ne Elvis Dumervil, wanda ya yi sak 20 kuma ya karɓi kyautar Bronko Nagurski ta gwarzon mai tsaron gida a gasar jami'o'i. Okoye na buga wasa kusa da shi a tsakiya, kuma a waɗannan shekaru uku alƙalumansa ba su da yawa.

Shekararsa ta ƙarshe, 2006, ita ce ta fito da shi. Bayan tafiyar Dumervil zuwa Denver Broncos, Okoye ya zama jagoran sahun. Ya fara duk wasanni 13, ya tare mai ɗauke da ƙwallo sau 55, ya yi sak 8, adadi mai yawa ga ɗan tsakiya. An saka shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan Big East na sahun farko, kuma kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya saka shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙasa na sahu na biyu. Louisville ta ci wasa 12 ta faɗi ɗaya. Ta doke West Virginia da ci 44 da 34, sannan mako guda bayan haka Rutgers ta doke ta da ci 28 da 25, faɗuwar da ta raba ta da damar buga wasan cin kofin ƙasa. Ta lashe Big East, kuma ranar 2 ga Janairu, 2007 ta doke Wake Forest da ci 24 da 13 a wasan Orange Bowl. Wannan shi ne wasan Okoye na ƙarshe a jami'a. Kwanaki kaɗan bayan haka Petrino ya bar jami'ar ya karɓi aikin horar da Atlanta Falcons.

A ɓangaren karatu, Okoye ya fara da ilimin halittu, daga baya ya koma ilimin halayyar ɗan Adam. Ya kammala digirinsa a cikin shekara uku da rabi, yana da shekara 19.

Zaɓen shekarar 2007

NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma kowace shekara suna raba sababbin 'yan wasa daga jami'o'i ta hanyar zaɓe mai zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi kowa rashin nasara a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Dokar gasar ba ta ƙayyade shekarun haihuwa ba. Abin da ta ce shi ne sai ɗan wasa ya yi shekara uku da barin sakandare. Saboda haka yawancin waɗanda ake ɗauka suna tsakanin shekara 21 da 23. Okoye ya riga ya yi shekara huɗu a jami'a, don haka ya cika sharaɗin duk da cewa bai kai 20 ba.

A watan Janairun 2007 ya halarci Senior Bowl a birnin Mobile na Alabama, inda ake tara fitattun 'yan wasan da suka gama jami'a a gaban wakilan ƙungiyoyi, kuma rawar da ya taka a makon atisayen ta ɗaga darajarsa. Masu nazarin 'yan wasa sun ɗauki ƙuruciyarsa a matsayin riba: sun ga cewa wanda ya kai wannan mataki yana da shekara 19 jikinsa bai gama cika ba, kuma zai gama kwantiraginsa na farko yana da sauran ƙarfi. Waɗanda suka yi taka-tsantsan kuwa sun nuna cewa kaka ɗaya kawai ya yi fice a jami'a, kuma gurbin tsakiya na cikin guraben da suka fi bukatar ƙarfin cikakken namiji.

An yi zaɓen ranakun 28 da 29 ga Afrilu, 2007 a zauren Radio City Music Hall da ke New York. Asali Houston ce ke da matsayi na 8, amma a watan Maris ta yi musayar matsayi da Atlanta, ta koma na 10, a cinikin da ya kawo mata kwatabak Matt Schaub. Oakland Raiders ta fara da JaMarcus Russell, sai Calvin Johnson, Joe Thomas, Gaines Adams, Levi Brown, LaRon Landry, Adrian Peterson, Jamaal Anderson da Ted Ginn Jr. suka biyo baya. Houston ta ɗauki Okoye a na 10, shi ne ɗan tsakiyar sahun tsaro na farko da aka ɗauka a shekarar. A ranar yana da shekara 19 da wata 10. San Francisco 49ers ta ɗauki Patrick Willis a na 11, New York Jets kuma ta ɗauki Darrelle Revis a na 14.

A watan Yuli ya sa hannu a kwantiragin shekara shida wanda ya ƙunshi tabbataccen kuɗi fiye da dala miliyan 12. A wancan lokaci babu ƙayyadadden albashi ga sababbin 'yan wasa. Sai a yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka kafa shi.

Houston Texans

Texans ita ce ƙungiya mafi sabunta a gasar, domin a 2002 ta fara wasa, kuma har zuwa 2006 ba ta taɓa gama kaka ba tare da faɗuwarta ta fi nasararta yawa ba. Gary Kubiak ne babban koci tun 2006. Ƙungiyar ta daɗe tana zuba jari a sahun gaban tsaro: ta ɗauki Jason Babin a zagayen farko a 2004, Travis Johnson a 2005, da Mario Williams, wanda shi ne na ɗaya a duk zaɓen 2006. Okoye ne na huɗu a jere. Dalilin bai ɓoyu ba, domin rukunin Houston ya haɗa da Indianapolis Colts ta Peyton Manning, wadda ta lashe Super Bowl a watan Fabrairun 2007, kuma dole ne su haɗu sau biyu kowace kaka. An ba Okoye riga mai lamba 91.

Kakar 2007

Okoye ya shiga cikin masu fara wasa tun makon farko, ranar 9 ga Satumba, inda Houston ta doke Kansas City Chiefs da ci 20 da 3. Ya yi sak 4 a watan Satumba kaɗai, aka ba shi kyautar gwarzon sabon mai tsaron gida na watan, yana da shekara 20. A sauran watanni ukun kakar sak ɗaya da rabi kawai ya ƙara. Wannan raguwa ta saba faruwa ga sababbin 'yan wasa, saboda kakar NFL ta lokacin wasa 16 ce, ban da wasannin share fage huɗu, alhali a jami'a wasa 12 ko 13 ake yi, sannan abokan hamayya suna nazarin bidiyon ɗan wasa su gano dabarunsa. Ya gama da sak 5.5 a wasa 16, inda ya fara 14 daga ciki. Mario Williams ya yi sak 14, Houston kuma ta ci 8 ta faɗi 8, sakamako mafi kyau a tarihinta zuwa lokacin, duk da cewa ita ce ta ƙarshe a rukuninta. Patrick Willis ne ya karɓi kyautar gwarzon sabon mai tsaron gida na shekara.

Kakar 2008

Kaka ta biyu ta zo masa da wahala. Ya yi fama da rauni a idon sawu, ya rasa wasa biyu, kuma sak ɗaya kawai ya yi. Ƙungiyar ma ta fara da ƙafar hagu: guguwar Ike ta lalata rufin filin wasanta na Reliant a watan Satumba, aka sauya jadawalin wasanninta, kuma ta faɗi wasanni huɗu na farko kafin ta farfaɗo ta sake gamawa da 8 da 8. Bayan kakar aka sallami mai kula da ɓangaren tsaro, Richard Smith, aka ɗaga Frank Bush zuwa gurbinsa.

Kakar 2009 da 2010

Okoye ya fara duk wasanni 16 a kowace daga cikin waɗannan kakanni biyu. Ya yi sak 1.5 a 2009, shekarar da Houston ta ci 9 ta faɗi 7, karo na farko da nasararta ta fi faɗuwarta yawa, amma ba ta samu shiga wasannin kifa-ɗaya-ƙwala ba. A 2010 ya yi sak 3. A wannan kaka ɓangaren tsaron Houston ya taɓarɓare, ya zo na ƙarshe a gasar wajen hana jefa ƙwallo, ƙungiyar ta ci 6 ta faɗi 10, aka kuma sallami Bush. A kakanni huɗu Okoye ya tara sak 11, rabinsu a shekarar farko.

Sallama

A watan Janairun 2011 Houston ta ɗauko Wade Phillips ya kula da tsaro, shi kuma ya sauya tsarin daga 4-3 zuwa 3-4. A sabon tsarin gurbin Okoye ya ɓace: bai kai nauyin wanda ke tsayawa shi kaɗai a tsakiya ba, bai kuma kai tsawon da ake nema a gefe ba. A watan Afrilu ƙungiyar ta ɗauki J. J. Watt daga Jami'ar Wisconsin a matsayi na 11. Watt, wanda ke shigowa sabo, bai kai shekara biyu da ƙanƙanta a kan Okoye ba, wanda ya riga ya yi kaka huɗu. Takaddamar albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta dakatar da duk wani ciniki daga Maris zuwa Yuli, kuma da aka sasanta, Houston ta sallami Okoye a ƙarshen watan Yuli. A wannan kaka ce Texans ta ci 10 ta faɗi 6, ta lashe rukuninta karo na farko.

Chicago Bears da Tampa Bay

Ba da daɗewa da sallamarsa ba Chicago Bears ta ɗauke shi a kwantiragin shekara ɗaya. Ƙungiyar, ƙarƙashin babban koci Lovie Smith da mai kula da tsaro Rod Marinelli, tana amfani da tsarin 4-3 wanda ya dogara ƙwarai da ɗan tsakiya mai kutsawa. Henry Melton ne ke fara wasa a gurbin, Okoye na shigowa suna karɓa-karɓa. A sahun akwai Julius Peppers da Israel Idonije, wanda shi ma haifaffen Legas ne da ya tashi a Kanada. Okoye ya buga wasa 16 a 2011 ya yi sak 4, adadi mafi yawa tun kakarsa ta farko, duk da cewa lokacin da yake yi a fili ya ragu.

A watan Afrilun 2012 ya koma Tampa Bay Buccaneers a kwantiragin shekara ɗaya, amma ciwon gwiwa da aka yi masa aiki a kai ya hana shi yawancin atisayen share fage, aka sallame shi a ƙarshen Agusta kafin a fara kaka. Ya koma Chicago, inda ya buga wasa 9 ya yi sak ɗaya. Waɗannan su ne wasanninsa na ƙarshe a gasar, yana da shekara 25.

Rashin lafiya

Ranar 15 ga Maris, 2013, lokacin ba ya tare da wata ƙungiya, Okoye ya faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya a Houston. Jijjigar ta yi ta maimaituwa, kuma daga baya likitoci suka gano yana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da masu karɓar saƙo na NMDA. A wannan cuta garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta kai wa ƙwaƙwalwarsa hari, abin da ke jawo jijjiga, ruɗewa, sauyin hali da mantuwa. Likita Josep Dalmau da abokan aikinsa ne suka fara bayyana cutar a 2007, kuma ta fi kama matasan mata da yara. Ana maganinta da magungunan da ke danne garkuwar jiki.

Likitoci sun sa Okoye cikin doguwar suma da gangan har tsawon mako 12 domin su shawo kan jijjigar. Ya rasa tunanin duk abin da ya faru a kwana 145, daga ranar da ya faɗi zuwa 7 ga Agusta, 2013, kuma ya rame da fiye da kilo 30. Sai da aka sake koya masa tafiya da magana.

A watan Mayun 2014 Dallas Cowboys ta ba shi kwantiragin shekara biyu. Rod Marinelli, tsohon kocinsa a Chicago, shi ne ke kula da tsaro a can a lokacin. Likitoci sun ba shi izinin komawa atisaye a cikin kakar, amma bai buga wasan gasa ba, kuma ƙungiyar ta sallame shi a 2015. A 2016 ya ɗan taɓa zama da Saskatchewan Roughriders ta gasar Kanada.

Alƙaluman wasanninsa a NFL

2007, Houston Texans: wasa 16, sak 5.5
2008, Houston Texans: wasa 14, sak 1
2009, Houston Texans: wasa 16, sak 1.5
2010, Houston Texans: wasa 16, sak 3
2011, Chicago Bears: wasa 16, sak 4
2012, Chicago Bears: wasa 9, sak 1
Jimilla: wasa 87, sak 16

Yadda ake kallon farkon sana'arsa

Masu sharhin wasanni da dama suna lissafa Okoye cikin waɗanda ba su cimma abin da ake tsammani daga ɗan wasan da aka ɗauka cikin goman farko ba. Abin da ya ƙara nauyin wannan hukunci shi ne ingancin zaɓen 2007: Calvin Johnson, Joe Thomas, Darrelle Revis da Patrick Willis duk sun shiga zauren karrama fitattun 'yan wasa na ƙwararru, kuma biyun ƙarshe suna nan ba a ɗauke su ba lokacin da Houston ta zaɓi Okoye. Masu kare shi kuwa suna nuna cewa ya rasa wasa biyu kacal a kakanni biyar na farko, cewa an sauya masu kula da tsaro sau biyu a shekarunsa a Houston, kuma an sallame shi a shekarun da wasu 'yan tsakiya ke cikin kakarsu ta farko ko ta biyu. Rashin lafiyar da ta same shi yana da shekara 25 ta katse aikinsa kafin ya kai shekarun da 'yan gurbinsa suka fi yin fice.

Tarihin da ya kafa na ƙarancin shekaru ya daɗe ba a karya shi ba. A 2018 Buffalo Bills ta ɗauki Tremaine Edmunds a zagayen farko shi ma yana da shekara 19, amma saura kwanaki kaɗan ya cika 20, don haka ya girmi Okoye na ranar zaɓensa da fiye da wata guda.

Alaƙarsa da Najeriya

Okoye ya shiga NFL a lokacin da 'yan asalin Najeriya suka fara yawa a gasar, musamman a ɓangaren tsaro. A zamaninsa akwai Osi Umenyiora na New York Giants, wanda ya yi sak 6 a wasa ɗaya da Philadelphia Eagles a ƙarshen watan Satumbar 2007, watan da Okoye ya karɓi kyautarsa, da Adewale Ogunleye na Chicago Bears, da Nnamdi Asomugha na Oakland Raiders. Birnin Houston kansa na cikin biranen Amurka da suka fi yawan 'yan Najeriya, kuma a can Emmanuel Ogbah, haifaffen Legas, ya tashi kafin Cleveland Browns ta ɗauke shi a 2016 a matsayin ɗan sahun gaban tsaro.

Tun a farkon zamansa a Houston Okoye ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa, wadda ke tallafa wa ilimin yara da wasanni a Amurka da Najeriya. A lokutan hutun kaka ya jagoranci ziyarce-ziyarce zuwa Najeriya tare da wasu 'yan wasan NFL, inda suka shirya sansanonin koyar da ƙwallon ƙafar Amurka ga matasa, suka raba littattafai, suka kuma kai tallafin kiwon lafiya.